Tambayi Sista: kaki da tari bayan maganin barcin tiyata

Assalamu alaikum. Ga waɗanda yau suka fara cin karo da wannan fili, ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Legas, kuma aikina a ɗakin tiyata shi ne sa mutum barci, da tsaron numfashinsa har likita ya gama, sannan in tashe shi. Wasiƙun wannan watan yawancinsu a ƙirji suka tsaya, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na taƙaita wasu, na kuma cire sunayen mutane da na asibitoci kamar yadda muka saba.

Tambaya: Sista, barka da aiki. Ni mai sayar da albasa ne a kasuwar Mile 12. An yi wa mahaifinmu aikin hanji, shekarunsa sun haura 70. Ya shiga ƙirjinsa garau, amma kwana biyu da fitowa kaki ya cika shi, ya kasa fitarwa, da ya yunƙura zai yi tari sai ɗinkin ya riƙe shi. Na sayo masa maganin tari a kemis, wata nas ta karɓe ta hana a ba shi, har ta sa aka sauko da shi kan kujera yana nishi. Yayyena mata sun ce allurar barcin ce ta ƙona masa huhu, ƙanina ya ce sanyin ɗakin tiyata ne ya kama shi. Wanne ne gaskiya? Kuma nas ɗin nan ba rashin imani ta nuna mana ba?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Nas ɗin nan kuwa, in kun sake haɗuwa ka yi mata godiya, domin ita ta yi wa Baba gata a ranar, ba kwalbar da ka sayo ba. Yayyenka sun kamo hanya amma sun zarce. Maganin barci ba ya ƙona huhu. Abin da yake yi shi ne ya rage wa ƙirji ƙarfin share kansa na wani lokaci. Sanyin ɗaki kuma ba ya kawo kaki.

Kowane mutum, mai lafiya da marar lafiya, hanyar iskarsa tana fitar da majina dare da rana, kuma kariya ce. Ƙurar titi, hayaƙin danfo da na janareta, ƙwayoyin cuta, duk abin da ka shaƙa tsakanin Ketu da Ojota, a jikin majinar nan yake maƙalewa kafin ya kai can ƙasan huhu. A ƙarƙashinta akwai wasu 'yan siraran gasu da ido ba ya gani, jere a bangon hanyar iska tun daga hanci har rassan huhu. Ƙwayar halitta ɗaya tana ɗauke da wajen 200, kowanne yana kaɗawa sau 10 zuwa 15 a sakan guda, kuma dukansu wajen maƙogwaro suke tura kaya. Kai da kake Mile 12 ka san yadda 'yan dako ke jeruwa a bayan mota suna miƙa doya hannu da hannu har ta isa rumfa. To haka suke yi. A babbar hanyar iska majinar tana cin milimita 5 zuwa 20 a minti, ta iso maƙogwaro mu haɗiye ba mu sani ba, ciki ya gama da abin da ta kwaso. Gasun nan a cikin wani tsinkakken ruwa suke kaɗawa, majina mai kauri tana bisa. Da ruwan ya ƙafe sai majinar ta danne su, tafiya ta tsaya. In kaya ya fi ƙarfinsu, tari ne ke ƙarasa aikin.

Ranar tiyata abubuwa da yawa ne ke taruwa a kan wannan tsari lokaci guda. Iskar barcin da muke shaƙa wa mutum, irin su halotan da aisofuloren da sebofuloren, tana rage saurin kaɗawar gasun, kuma gwargwadon yawan maganin da tsawon aikin gwargwadon raguwar. Aikin minti 30 da na awa 4 ba ɗaya ba ne, aikin hanji kuwa ba kasafai yake gajarta ba. Akwai farar allurar nan mai kama da madara, furofofol, wadda bincike ya nuna ta fi iskar barci ƙyale tafiyar majina. Amma ba don majina kaɗai ake zaɓar magani ba. Ana duba zuciya da hawan jini da ƙoda, da kuma abin da asibitin yake da shi a ranar, wanda a ƙasar nan ba ƙaramin zance ba ne.

A ganina bututun numfashi ya fi maganin kansa laifi. Hanci ba ado ba ne, shi yake ɗumama iska ya jiƙa ta, ta yadda kafin ta nutsa cikin ƙirji ta kai ɗumin jiki, digiri 37, ta kuma cika da danshi. Da mun zura bututu ta baki zuwa maƙogwaro mun tsallake hanci ke nan, kuma iskar da ke fitowa daga silinda busasshiya ce ƙayau, mai sanyi. Awa biyu, uku tana busa bangon hanyar iska, ruwan nan na ƙasa ya ragu, majina ta yi danƙo. Shi ya sa muke maƙala wani ɗan mataci a bakin bututun, yana riƙe ɗumi da danshin numfashin da mutum ya fitar ya mayar masa. Yana taimakawa, amma bai kai hanci ba. Ga kuma 'yar balan-balan da ke ƙarshen bututun, wadda muke hurawa don kada abin ciki ya gangara huhu. Ita ma tana tare wa majina hanya muddin tana nan.

Sai allurar atirofin da danginta. Asalin sabon da aka yi da ita tun zamanin "ether" ne, wato maganin barcin da aka fara nuna aikinsa a bainar jama'a a Boston ta Amurka ranar 16 ga Oktoba 1846. Wannan magani yana sa yawu da majina su yi ta ambaliya, sai aka riƙa ba da atirofin don ta busar. Yanzu ba kowa ake yi wa ba, amma har gobe muna amfani da ita, musamman a ƙarshen aiki, tare da allurar da ke dawo da ƙarfin tsoka. Tana rage yawan majinar, sai dai wadda ta rage ta fi kauri da wuyar fita.

Ban da wannan, mutumin da ke kwance rigingine cikin barcin tiyata, hanjinsa yana tura tantanin da ya raba ciki da ƙirji sama, ƙasan huhu ya matse, wasu daga cikin 'yan jakunkunan iska su rufe su manne. Wannan yana faruwa ga wajen mutum 9 cikin 10 da aka sa barci. Ga matashi mai ƙarfi, da ya farka ya ja dogon numfashi ya yi tari sai su buɗe. Ga dattijo mai ɗinki a ciki, nan gizo ke saƙar. Dogon numfashi ciwo, tari ciwo, sai ya koma shan iska kaɗan-kaɗan. Allurar kashe zafi mai ƙarfi, irin su mofin da fentazosin da taramadol, tana sa gyangyaɗi, kuma wannan dangin magani yana danne tari. Majina ta kwanta a wurin da iska ba ta shiga, ƙwayoyin cuta su sami mazauni. Ta nan namoniya ke shigowa.

Yanzu ka duba kwalbar da ka sayo. Da yawa daga cikin magungunan tarin kemis aikinsu su kashe tarin, wasu kuma suna da sinadarin mura mai busar da majina ya sa barci. Kodin ɗin da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da maganin tarinsa a 2018, shi ma aikinsa ke nan, danne tari. Mutumin da gasun ƙirjinsa suka yi sanyi, tari kaɗai ya rage masa, ka zo za ka karɓe shi.

Abin da na fi fama da shi a ɗakin kwanciya tausayinmu ne. Mu Hausawa mun iya jinya, ba a barin namu shi kaɗai, kuma ina alfahari da hakan. Amma kalmar da ke bakin kowa ita ce "kwanta ka huta, kada ka motsa, ɗinki zai farke." A 2018 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, a kan mutum sama da 11,000 da aka yi wa tiyata. Kusan duk waɗanda suka rasu ba a kan teburin aiki suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. A shekarar dai, wani binciken da aka yi a Ostireliya da Niyu Zilan a kan mutum 441 masu jiran aikin ciki ya nuna zaman minti 30 kacal kafin tiyata, ana koya wa mutum yadda zai yi numfashi da tari da zarar ya farka, ya rage matsalar huhu da rabi. Babu allura a ciki, babu na'ura.

Ga abin da mai jinya zai yi. A ɗaga kan gado, kada Baba ya kwanta shame-shame. Duk awa ɗaya in yana farke, ya ja iska a hankali ta hanci har ƙirji ya cika, ya riƙe sakan 3, ya saki, sau 10. A ba shi carbinsa ya ƙirga. Daga nan ya rungume matashi a kan ɗinkin, ya danne da hannu biyu, ya buɗe baki ya fitar da iska da ƙarfi, "haa", sau biyu ko uku, sannan ya yi tarin. In zafi ya hana shi, a gaya wa nas. Maganin zafi daidai wa daida shi ke ba mutum damar tari, jurewa a nan ba jarumta ba ce. Farasitamol ba ya danne tari, kuma in ana ba shi a kan lokaci yana rage buƙatar allura mai ƙarfi. A goge masa baki safe da dare, da buroshi ko aswaki, domin ƙwayoyin cutar da ke sauka huhu daga baki suke tasowa. In likita ya yarda ya sha ruwa, ya sha. Ni nakan ce wa dattawa su ɗaure abin da lokutan salla: kowace salla a sauko kan kujera a yi ta a zaune, a idar a ɗan taka zuwa bakin ƙofa. Ba a musu da wannan jadawalin.

Ɗan zazzaɓi a rana ta farko yakan zo daga aikin kansa, kuma a Legas ba a mantawa da zazzaɓin sauro. Amma in numfashi ya yi sauri, ko kakin ya koma kore ko ruwan tsatsa, ko 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa tana nuna ƙasa da 92, ko Baba ya fara sambatu bai gane mutane, kada a jira zagayen likita na safe. A kira a lokacin.

Tambaya: Sista, ni direban tirela ne, ina lodi a Apapa. An sa mini ranar aikin ƙaba nan da sati biyar. Ina shan taba, kwali ɗaya a rana, shekara da shekaru. Likita ya ce in bari. Wani abokin aikina ya ce shi da ya bari kafin nasa aikin kaki ya ƙaru masa, gara in ci gaba sai an gama. Ya zan yi?

Amsa: Oga direba, abokinka bai yi ƙarya a kan abin da ya gani ba, fassarar ce ya kuskure. Hayaƙin taba yana gajarta gasun da na yi bayani a sama, ya kashe wasu, ya kuma sa hanyar iska ta riƙa zubo majina fiye da kima. Shi ya sa mashayi yake tashi da tarin asuba. In ka bari, gasun sukan fara farfaɗowa, su soma kwaso abin da ya daɗe a kwance, sai ka ga kaki ya ƙaru na 'yan makonni. Shara ce ake yi. Da can har wasu likitoci sun yi tsoron barin taba dab da tiyata saboda wannan, amma da aka tattara binciken da aka yi ba a sami cutarwa a ciki ba.

Sati biyar ɗinka ya isa. A farkon 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa wanda ya bar taba sati 4 ko fiye kafin tiyata matsalolinsa sun fi ƙaranci bayan aiki. Ko wanda kwana ɗaya ya rage masa ma yana da riba, domin gubar hayaƙin da ke hana jini ɗaukar oksijin takan ragu sosai cikin awa 12 zuwa 24. Kai kuma kana da wani dalilin na musamman. Nikotin yana tsuke jijiyoyin jini, rauni ya yi jinkirin haɗewa, tarin mashayi kuma yana dukan wurin da aka ɗinke kullum. Ƙabar mashayi ta fi saurin dawowa.

Mai yiwuwa allurar baya za a yi maka, ko a kashe wurin kawai, domin haka ake yin yawancin aikin ƙaba a nan. Kada wannan ya sa ka saki jiki. Wani lokaci allurar ba ta kamawa yadda ake so, dole a koma barci, kuma mu kan shirya wa hakan tun farko.

Kada ka musanya taba da shisha ka ce ka bari. Gawayin da ake ɗora mata kaɗai ya isa ya cika jini da gubar da muke gudu. Na kuma san zaman layin Apapa, kwana da kwanaki a cikin mota, da irin abin da ake sha don ido ya bushe. Ba na tuhumarka, amma in akwai taramadol ko kodin ko wiwi ko giya, ka faɗa wa mai ba ka maganin barci ranar da zai duba ka. Mu ba 'yan sanda ba ne. Jikin da ya saba da waɗannan, awon maganin da muke yi wa kowa ba ya isarsa, kuma gara mu sani tun kana farke.

Tambaya: Sista, ina wuni. Daga Agege nake. Ɗana mai shekara uku aka sa wa ranar aikin ƙaba. Mun yi sammako, yaro bai ci komai ba, mun sha cunkoso, muna isa wata likita ta sa abin awo a ƙirjinsa ta ce yana mura da tari, mu koma sai bayan sati uku. Mura fa kawai! Babansa ya ce wani mai hanya aka ba gurbinmu. Haka ake yi?

Amsa: 'Yar'uwa, na san zafin wannan, kuɗin mota da yunwar yaro da ranar da aka ɓata. Abin da ke zuciyar wani ban sani ba, amma hukuncin da likitar ta yanke shi ne wanda ni ma zan yanke.

Ƙwayar cutar mura tana kaɗe gasun hanyar iska, ta bar bangon a saɓule, ga majina ta ninka. Ko bayan hanci ya bushe yaro ya koma wasa, hanyar iskarsa tana nan da saurin fushi har sati 4 zuwa 6. In aka sa masa iskar barci ko bututu a wannan hali, maƙogwaro yana iya damƙewa gaba ɗaya, ko rassan huhu su tsuke irin na mai asma, ko guntun majina ya toshe reshe guda. Yaro ba shi da ajiyar iska irin ta babba, cikin ƙanƙanin lokaci oksijin ɗinsa ke faɗuwa. Hanyar ma ƙarama ce. A jariri faɗinta bai wuce milimita 4 ba, kumburin milimita 1 a kewaye yana cinye kashi uku cikin huɗu na wurin wucewar iska. Ɗanki ya fi jariri, amma bai yi nisa ba.

Ba kowace mura ke sa a ɗaga aiki ba. Yaron da hancinsa ke zubar da farin ruwa, babu zazzaɓi, ƙirji fes, yana ci yana wasa, sau da yawa ana yi masa. Wanda ke da zazzaɓi, ko tari mai kaki, ko majina kore, ko ƙirji na shewa, shi ake mayarwa gida. Aikin gaggawa kuwa ba ya jira, sai dai mu ƙara shiri. Don haka ki riƙe wannan: in ƙabar ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, yaro na kuka yana amai, sati ukun nan ya rushe, ki kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.

Kafin ranar, a raba shi da hayaƙi. In babansa na shan taba, ya sha a waje nesa, domin 'ya'yan mashaya sun fi samun matsalar numfashi a ɗakin tiyata. Maganin sauro na hayaƙi a ɗakin kwana a bar shi, a ɗaura gidan sauro. Janareta a nesanta shi da taga. In wata murar ta sake kama shi ana saura kwana biyu, ki yi waya ki tambaya kafin ki hau mota.

Na lura kin ce bai ci komai ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 ga abinci, awa 4 ga nonon uwa, awa 2 ga ruwa zalla. Koko da kunu da fura da shayi mai madara duk abinci ne, kada a yi wa ƙa'idar wayo. Amma ruwa, ki tambayi asibitinku har ƙarfe nawa zai iya sha. Yaron da ya kwana ya wuni da ƙishirwa majinarsa kauri take yi. In kuma kin ga yana dalalar da yawu bayan aiki kada ki firgita, akwai allurar ketamin da ake yawan yi wa yara, ita ke kawo hakan. A kwantar da shi ta gefe.

Tambaya: Sista, an yi mini aikin haihuwa sati biyu da suka wuce, allurar baya aka yi mini, idona biyu. Amma ni ma ina tari, kuma tsoro nake kada ɗinki ya buɗe. Surukata ta zo daga gida wankan jego, kullum ɗaki cike da turaren wuta, ga kunun kanwa safe da yamma. Ina jin nauyin yi mata magana. Daga Idi-Araba.

Amsa: Barka da arziki, Allah ya raya. Allurar baya ba ta taɓa gasun hanyar iska, babu bututu, babu busasshiyar iska, wannan na cikin dalilan da muka fi son ta ga mai ciki. Abin da take yi shi ne ta kashe tsokar ciki na 'yan awanni, tari ya yi rauni, ta sake ki a ranar. Saboda haka tarin sati biyu ba nata ba ne.

Ɗinki ba ɗaya ba ne, hawa-hawa ne, kuma wanda ke riƙe da ciki yana can ƙarƙashin fata, da zare mai ƙarfi. Tari na yau da kullum ba ya farka shi. Ki danne wurin da matashi ki yi abinki.

Turaren wuta hayaƙi ne, komai daɗin ƙamshinsa, kuma ɗakunan Idi-Araba ba tsakar gidan Kano ba ne. A turara ɗaki ke da jariri kuna waje, a buɗe taga ya fice, sannan ku shiga. Ruwan wanka mai ɗumi ba laifi, amma kada a fyaɗa tafasasshe a kan raunin.

Kunun kanwar ne ya fi tsaya mini a rai. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a tsakanin matanmu, suka kuma danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa da zafin gashin jego. Zuciyar da ta gaza takan tara ruwa a huhu, kuma da tari take fara sallama. In tarinki ya fi tashi da kin kwanta, ko sai kin tara matasai kike iya barci, ko ƙafa ta kumbura, ko ɗan aiki kaɗan ya sa ki haki, ko kakin ya zo da kumfa, yau za ki koma asibiti ba gobe ba. Haka in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya da sukar ƙirji, domin gudan jini yakan taso daga ƙafa bayan aikin haihuwa. Ko babu ɗaya daga ciki, tarin sati biyu ya cancanci a sa miki abin awo a ƙirji a gwada jininki.

Maganar Hajiya kuwa, ba ke za ki yi ba. Ki sa ɗanta ya ce likita ne ya hana kanwa, ko ku tafi da ita ranar awo ta ji daga bakin nas. Kunun gyaɗa ko na tsamiya zai maye gurbin, nono kuma ba kanwa ke kawo shi ba, tsotson jariri ne da ci da sha.

Tambaya: Ni ladan ne a wani masallaci a Obalende. An sa mini bututu a aikin da aka yi mini a kafaɗa, yau kwana huɗu muryata a dishe, maƙogwaro na kaikayi da ɗan kaki. Za ta dawo?

Amsa: Za ta dawo in sha Allahu, Malam. Bututun ta tsakanin igiyoyin murya yake wucewa, yakan bar ɗan kumburi, busasshiyar iskar kuma ta bar kakin da kake ji. Yawanci kwana biyu zuwa sati ya wuce. Ka ba na'ibinka kiran salla na wannan makon, ka sha ruwan ɗumi da zuma, ka rage gyaran murya da ƙarfi. Raɗa ma wahalar da igiyoyin take yi, gara ka yi magana ƙasa-ƙasa da muryarka. In sati biyu ya cika ba ta washe ba, ko kana ƙwarewa in ka sha ruwa, ka nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da madubi, ka kuma gaya masa ranar da aka sa maka bututun.